Malahi a Kunnen Baba

A Makka, idan yaro ya ce a kai shi malahi, filin wasa yake nufi: wurin lilo, da dawakan roba masu kewayawa, da ƙananan motoci masu karo da juna, da alawar auduga. Na yi shekaru ina jin kalmar a bakin 'ya'yana har ta zame mini kamar in ce kasuwa ko asibiti. Na manta shaf cewa a gidan da na tashi a Kano tana da wata ma'ana daban. Mutumin da ya san waccan ma'anar kuwa yana zaune a falona a Ƙaramar Sallar da zan ba da labarinta.

Mahaifina malamin zaure ne, ni kuma 'yarsa ta fari, don haka tsakaninmu akwai kunya irin ta da. Bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ma doguwar hira. Mijina haifaffen Makka ne, kakanninsa suka zo aikin hajji daga Sakkwato suka zauna. Lokacin da aka zo neman aurena Baba ya daɗe bai amsa ba. Mutane suna ta cewa wa zai ƙi 'yarsa ta yi maƙwabtaka da Ɗakin Allah, shi kuma ya ce nisa dai nisa ne. Daga baya ya yarda. Bai taɓa taka gidana ba sai a wannan shekarar, da ya zo umara a goman ƙarshe na azumi. Ya sauka a unguwar Misfala tare da ayarinsu, bayan sallar Idi kuma maigidana ya ɗauko shi zuwa gidanmu a unguwar Ka'akiyya, ya zauna da mu kafin jirginsu ya tashi.

Abu ɗaya nake so a ziyarar nan: Baba ya ga gidana, ya ga jikokinsa, ya koma gida hankalinsa kwance cewa bai yi kuskuren ba da ni ba. Na wanke labule, na sa an kawo mini kuka da daddawa daga Misfala, na yi wa yara huɗuba a kan gaisuwa har sai da suka fara gudu in sun hango ni.

Ranar Sallah da yamma muna cin abinci, rigimar kowace shekara ta tashi. Al'adarmu ce a hutun Sallah mu fitar da yara wuri ɗaya babba, kuma ba a taɓa zaɓen wurin cikin lumana ba. Namijin, wanda shi ne na tsakiya, Jidda yake so, saboda can ne akwai wani jirgi mai hawa sama ya sulalo da mutane suna ihu, wanda yaran garin suke kira jirgin mutuwa. Babbar ta dage sai Ɗa'ifa, don ƙawayenta sun hau motar da ke rataye a jikin waya tana ratsa duwatsu, ita kaɗai ce ba ta hau ba. Autar ba ruwanta da duk wannan, ita dai a kai ta na kusa da gida inda dokinta ja yake. Ubansu yana goyon bayan auta, ba don ƙaunarta ta fi yawa ba, don dai yana tsoron cunkoson hanyar Jidda ne a ranakun Sallah. Ni kuwa duk inda akwai inuwa da benci ya yi mini.

Da Larabci suke faɗan, kamar kullum idan ransu ya ɓaci. Baba yana jin Larabcin littafi sarai, na titi ne yake kufce masa. Sai ya dubi maigidana ya ce, "Ina suke cewa za su?"

"Malahi, Baba," in ji shi, yana fara'a. "Duk Sallah muna kai su. Ai uwarsu ma ta fi su so, wallahi in mun je ita ce ba ta son a ce yalla a tashi."

Baba ya dube ni, kallo ɗaya. Ya tsame hannunsa daga tuwon, ya ce alhamdulillahi, ya tashi ya wanke hannu. Na ɗauka ko gishiri ne ya yi yawa.

Daga nan ya yi shiru. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne, amma na san shirunsa na jin daɗi, na san kuma wannan. Washegari da asuba ya tafi Harami bai dawo ba sai bayan azahar. Yara suka gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya dafa kan auta ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Abinci sai ya taɓa kaɗan ya ture.

Hankalina ya tashi ƙwarai, na shiga laluben laifina. Na ce ko Hausar yaran ce, don namijin ya gaishe shi da "ina kwana" da la'asar sakaliya. Na kafa doka, babu Larabci a gidan nan sai Baba ya tafi, gidan ya koma kamar na kurame. Na ce ko don suna ce masa Sidi ne, yadda 'yan Makka ke kiran kaka, na sa suka koma cewa Malam. Na kashe talabijin. Na sauya wa babbar mayafi da wanda ya fi girma. Duk a banza, shirun yana nan. Tambayarsa kai tsaye kuwa ba ta taso ba, ban san ta inda 'yar fari take fara irin wannan maganar ba. Maigidana ya ce gajiyar azumi ce, in bar tsoho ya huta. Na ce masa ya yi mini shiru, ubana ne, na fi shi saninsa.

Rigimar yara kuma ba ta tsaya ba, sai dai ta koma raɗa. In na shiga ɗakinsu sai in tarar namijin yana lallashin auta da cewa a Jidda akwai doki ja har biyu, babbar kuma tana ce mata ƙarya yake yi.

Ranar da ya kamata mu fita, da hantsi, ina kicin ina soya miya, sai ga Baba a bakin ƙofa. Bai shigo ba. Idonsa yana kan ƙasa ya ce, "Ke. Mijinki shi ke da iko da ke, ni ba zan shiga ba. Amma in za ku tafi wurin nan naku, ku bar mini yaran a gida."

Na ce, "Wane wuri, Baba?"

Ya ce, "Malaahii."

Ya ja kalmar yadda yake ja idan yana biya wa ɗalibai karatu. Jin ta a bakinsa sai ga ni ƙaramar yarinya a bayan ƙyauren zaure, ina jin yana fassara ta: goge, garaya, gidan rawa, duk shagalar da ke ɗauke zuciya daga ambaton Allah. Ashe kwana biyun nan Baba yana zaune ne da tunanin cewa duk Sallah surukinsa yana kwasar 'yarsa da jikokinsa zuwa gidan rawa, a garin Makka, kuma 'yar tasa ce ma ba ta son a tashi.

Dariya da kuka suka taso mini tare, na rasa wanda zan fara. Kafin in ce wani abu auta ta riga ni. Ashe tana bayansa, kuma abin da ta fahimta kawai shi ne an ce a bar yara a gida. Ta ɓare baki tana cewa, "Sidi ba ya son dokina!"

"Wane doki kuma?" in ji Baba.

Na kashe wuta, na ɗauko waya, na nemo hoton bara mai motsi, na miƙa wa auta ta kai masa. Ga ta nan a kan dokin roba ja yana kewayawa a hankali, ga ni a gefe cikin abaya ina riƙe da ƙugunta kada ta zame. Baba ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake. Aka sake.

"Wannan ne malahin?"

"Shi ne, Baba."

"To ai wannan lilo ne! Me ya hana ku ce lilo?"

Ya zauna a kan kujerar da ke kusa, ya cire hula ya shafa kansa, yana ta istigfari yana girgiza kai. Sai kuma dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabona da in ji ta tun ina yarinya. Ya ce a kawo masa sauran tuwon jiya in akwai. Ni ma sai a lokacin na tuna ban karya ba.

Yana ci ya sa aka kira yaran, ya ce kowa ya faɗi inda yake so da dalilinsa, amma da Hausa. Namijin ya fara, yana haɗa gumi, har ya iso kan jirgin mutuwa. Baba ya ce, "Ni da na zo neman gamawa lafiya za ka sa a jirgin mutuwa? Zauna." Auta ta ce doki, ta ƙara cewa ja, ta ƙare hujjarta ke nan. Da babbar ta ambaci Ɗa'ifa sai Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce tun yana yaro yake karanta sunan garin nan a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa zaton ana zuwa a dawo a yini ɗaya ba. Ya tambayi maigidana ko can ma akwai doki. Maigidana ya ce akwai, har da ƙaramin jirgi mai sulalowa, kuma garin da sanyi. Baba ya ce to an gama. Namijin ya ɗan kumbura baki, amma da aka ce shi zai zauna kusa da taga sai ya huce.

Muka hau hanyar dutse mai lanƙwasa bayan azahar. Baba yana gaba yana salati a kowace kwana, yara suna ƙirga birai a gefen titi. Da muka isa iska ta buso mai daɗi, irin wadda ba ma samu a Makka a wannan lokacin. Motar waya dai Baba ya leƙa ƙasa ya ce shi ya yafe, ubansu ya hau da manyan biyu. Auta ta sami doki, shuɗi ne ba ja ba, ta yi ƙorafi kaɗan sannan ta haye.

Ni da Baba muka rage a benci, shi a wannan ƙarshen ni a wancan, muna kallon ta tana wucewa tana ɗaga mana hannu. Can ya yi gyaran murya, bai dube ni ba.

"Na yi miki mummunan zato. Ki yafe mini."

Na ce, "Haba Baba, wallahi babu komai."

Ya ce, "Akwai. Ba fushi na yi da ke ba. Jiya a Harami ban roƙi komai ba sai gafara, don na ce ni ne na ba da ke nesa, inda babu mai tsawatar miki, duk abin da ya same ki a wuyana yake." Auta ta sake wucewa. "Na ga gidanki, na ga 'ya'yanki. Yau zan yi barci."

Na ja mayafina na rufe fuska, na yi kukana a hankali. Bai hana ni ba. Da dokin ya tsaya, shi ya tashi da kansa ya je ya sauko da ita.