Bas Ɗina da Allin Kaka

Ni dai zama wuri ɗaya bai taɓa yi mini ba. Lakwal, makarantar boko, na bari da wuri. Aka kai ni garaji, na gudu. Aka kai ni wurin wani tela a unguwar Larle, na fi sanin bencin mai shayi a kan keken ɗinki. Shi ya sa ranar da Baba ya gan ni a tsakar gidanmu a Zongo ina fafatawa da katako da zarto, bai ma tambaye ni abin da nake yi ba. Ya tsaya da butarsa a hannu ya ce, "Wannan ma rabi za ka bar shi. Kawunka zai tafi Lome da kamiyo, motar kaya, bayan salla, yana neman aparanti, yaron mota. In ban ga ƙarshen abin nan ba kafin ya tashi, motar za ka bi."

Abin nan kuwa gitar bas ce. Na ga ana kaɗa ta a wani biki a unguwar Paspanga, kowa na kallon mai waƙa, ni kuwa ina jin wani abu yana dukan cikina daga ƙasa. Na bi waya da ido har na gano mutumin da ke kaɗa ta can baya, ko motsi ba ya yi sosai. Tun ranar na rasa sukuni. Sayen ta ba zancen irina ba ne, sai na ce zan ƙera.

Katakon Kaka ce ta ba ni, uwar Baba. Ƙyauren tsohon gidanmu ne na Zangwatan. Lokacin da aka rushe unguwar, kowa ya kwashi tukwane da katifu, ita kuwa ta ce sai an ciro mata ƙofa. Shekara da shekaru yana jingine bayan madafa, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Da na roƙe ta sai ta kalle ni sama da ƙasa.

"Maigidana, kai da ba ka kawo cefane, yanzu ƙofar ma za ka cinye?"

"Tsohuwa, ƙofa ba gida me za ta tsare miki?"

"Ta fi ka amfani, ita aƙalla tana tsayawa inda aka ajiye ta. Ɗauka. Amma in ka mayar mini da ita itacen girki, na sake ka."

Jikin gitar da wuyanta ba su ba ni wahala sosai ba, aikin ƙarfi ne, ni kuwa shi nake so. Na yanka, na kankare, na goge har tafin hannuna ya yi kanta. Igiyoyi na yi da wayar birkin moto, wato babur, manya da ƙanana. Inda na maƙale shi ne mikro, ɗan abin nan da ke kwance ƙarƙashin igiyoyi yana ɗaukar motsinsu ya kai wa amfuli, akwatin da ke fitar da sauti. Maganaɗisu ne a ciki, sai a naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi, a yi ta naɗawa har hannu ya gaji, kuma ba a son ta tsinke ko sau ɗaya. Wani mai gyaran rediyo a Paspanga ya ba ni wayar daga cikin matattun kayansa. Na ɗaura maganaɗisun a jikin tayar keken ɗinkin Inna, ina juyawa da dama, ina riƙe waya da hagu.

Tas. Ta tsinke. Na warware, na sake. Tas. Hannuna gumi yake yi, zuciyata kuma tana gaba da hannuna, in na ga abu ya fara tafiya sai in ƙara wuta. Haka na yi ta ɓarna har ƙunshi ɗaya ya rage, ga salla ta matso, kawuna har ya zo ya auna ni da ido ya ce zan iya ɗaga taya.

Wata la'asar ina zaune gaban keken na kasa ko taɓa shi, Kaka tana kan tabarma tana ɓare goro. Ashe duk kwanakin nan kallona take yi.

"Kawo in ga zaren naka."

"Ba zare ba ne, waya ce."

"Duk abin da ke tsinkewa a hannun mai gaggawa zare ne."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙoƙo da ban taɓa gani ba, da farin abu a ciki. Alli ne, na ƙonannen ƙashi, irin wanda mata ke shafawa a yatsu in za su yi kaɗi da mazari. Ta ce tun tana budurwa take kaɗa auduga wa masaƙan unguwa, ba ta daina ba sai da atamfa ta cika kasuwa. Ta dangwala, ta murza a yatsu biyu, ta kama wayar kamar ba ta kama ba.

"Juya. A hankali, ɗan banza, ba Lome za ka ba tukuna. Bilfu-bilfu, in ji maƙwabtanmu Mosawa."

Na juya. Wayar tana bi ta tsakanin yatsunta, tana kai ta dama tana dawo da ita hagu, layi kan layi, ko kallo ba ta yi, tana ba ni labarin wata maƙwabciyarta a Zangwatan da ke satar mata wuta. Na fara murna, na ce shi ke nan Kaka za ta gama mini. Sai ta ce in tsaya.

"Tashi mu yi musaya. Ubanka bai ce in gama ba, kai ya ce."

Ta shafa mini allin da kanta. Ta koma kan keken tana juyawa, ni ina riƙe. Ta ce kada in matse, kada in saki, in bar wayar ta gaya mini. Ƙafata ta fara rawa kamar kullum, ta ɗora tata a kai ta danne. Aka kira magariba muka tsaya, ta sa tsinke ta maƙale wayar. Washegari muka ci gaba, da jibi. Ban taɓa zama haka ba a rayuwata. Da muka gama na narka kyandir a gwangwanin tumatir na tsoma mikron a ciki don naɗin ya kama jikinsa, Inna tana faɗa wai na ɓata mata murhu.

Amfuli aro na yi wurin mai gyaran rediyon, na ɗauko shi a bayan keke. Baba ya dawo daga kasuwa ya tarar da mu a tsakar gida. Na jona, na taɓa babbar igiya. Kwanukan Inna da ke kife suka amsa, kaji suka watse. Kaka kuwa kunnenta ya yi nauyi, ta ce ita ba ta ji komai ba, wai na yaudare ta. Na matsa na ɗora tafinta a kan katakon, na sake bugawa. Ta bar hannunta a kai.

"Haka ƙofar nan take yi," ta ce, "in kakanka ya dawo daga fatauci ya buga ta da ƙarfi."

Baba bai ce kiɗan ya yi daɗi ba, har yau bai ce ba. A gidanmu babu makaɗi, 'yan goro ne kaka da kakanni. Ya sunkuya ya daɗe yana duban mikron, ya tambayi wa ya naɗa. Kaka ta nuna ni da haɓa. Ya ce mai gyaran rediyon nan ba ya neman mai naɗa masa wayar fanka? Na ce yana nema. Ya ce to gobe in je, kuma kada ya ji ƙarar abin nan in an kira salla.

Kamiyon kawuna ya tashi da wani yaron. Ni ina Paspanga ina naɗin waya, ƙoƙon allin yana kan teburina. In na dawo da yamma Kaka takan ce, "Maigida, kawo mini ƙofata," in jona, ta ɗora hannu.