Firjin Mota da Kunnen Shanun Baba

Shekarar da na fara aikin allurar shanu, wata tsohuwar motar ɗaukar dawaki aka ba mu a Funtua. Warin doki bai bar ta ba har muka rabu. A cikinta aka ɗaure firjin da ke riƙe maganin bushiya, cutar nan da ke share garke. Firjin abinci uku yake ci: lantarki in muna gari, batir in mota na tafiya, kananzir in mun tsaya a ƙauye. Ga shi da tsirfa. In motar ta karkata a inda ta tsaya, wutarsa za ta yi ta ci, amma sanyi babu. Shi ya sa duk inda muka sauka sai na ɗora kwanon ruwa a kansa in ga ko ya zauna daidai. Direbanmu har ya laƙaba mini mijin firji.

Ran da muka je Ƙarfi, garinmu, gaisuwa ta ɗauke ni. Ina can ina durƙusa wa kawunnai da gwaggonni, dattawa suka ce bai kamata motar ɗansu ta gasu a rana ba. Suka sa direba ya mai da ita gindin tsamiya, a kan gangare. Sai la'asar na dawo. Na leƙa, wuta na ci lafiya lau. Na buɗe, na taɓa kwalba, na ji ta da ɗumi kamar madarar da aka tatso yanzu. Nan take na san maganin ya mutu.

Na juyo ke nan, sai ga Baba a gaban layi da shanun huɗarsa biyu. Shekara da shekaru yana ƙin allura, wai ba ya ba baƙo dabbarsa.

"To, malamin shanu," in ji shi, "ga su nan. A yi mu gani."

Na yi. Kunya ce ta sa, ba komai ba. Na soka musu, na tsaga kunnuwansu, alamar an yi musu ke nan. Daga nan na ce wa sauran jama'a magani ya ƙare, za mu dawo.

Bayan mako biyu muka dawo da sabo. Sau huɗu na tsai da direba a hanya ina taɓa kwalabe. Kowa ya kawo nasa, ban da Baba. Na same shi a dandali cikin abokansa.

"Baba, a kawo su a ƙara musu."

"A ƙara me? Ga kunnensu nan." Ya yi dariya. "Ko aikin naka bai yi ba ne?"

"Ya yi, Baba."

Daminar nan ban zauna wuri ɗaya ba. Duk ɗan garinmu da na gani a kasuwar Funtua, shanun nake fara tambaya kafin mutanen gida. Ana tsakar huɗa ɗaya daga cikin shanun Baba, jan, ya kwanta, bai tashi ba. Baba ya koma garmar hannu da furfurarsa, rabin gonar ma bai noma ba.

Na tafi da niyyar faɗa masa gaskiya, tun daga Malumfashi nake jera maganar a raina. Na durƙusa a bakin gona, amma ya riga ni.

"Kada ka sa wa ranka komai. Kai ai ka yi naka, kwanansa ne ya ƙare."

Na ce, "Haka ne, Baba."