Yatsa Huɗu a Ragar Gabas

Ƙarfe shida na safe Baba Mai Layi yake buɗe ƙaramar ƙofar bayan filin wasa, wadda ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Ya jingine kekensa a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan farar ƙasa da injin yanke ciyawar da ya girmi rabin 'yan wasan kulob ɗin, ya cire takalmi, ya shiga fili da ƙafa. Ya ce takalmi ba ya gaya masa inda ƙasa ta yi tauri. Sai ya zagaya sau ɗaya yana toshe ramukan da wasan jiya ya bari, sannan ya ja tiyo. Ranar jajibirin wasa ya kafa fegi, ya ja igiya, ya bi ta da farar ƙasa yana tafiya da baya a sunkuye, kamar mai fita daga gaban surukinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan. Makon jiya ya miƙa makulli.

Jaridu sun gama bitar kakar bana. Na karanta su kaf, don wanda babu sauran mai kiransa ya zo ya ci abinci ba ya rasa lokacin karatu. Sun lissafa wanda ya fi zura ƙwallo, da kociyoyi bakwai da aka kora, da kulob biyun da suka faɗi, da yadda tawagar ƙasa ta dawo buga wasa a gida bayan shekara biyu tana aron filin maƙwabta. Baba ya fito sau ɗaya, a shafin wasiƙu, kuma zagi ne.

Ga abin da ya jawo zagin.

Wata safiya ana cikin zagaye na biyu na gasar lig, yana rataya raga. Akwai wani akwatin katako da yake takawa, shi ɗin dai tun zuwansa. A ragar yamma sai ya yi ɗage kafin hannunsa ya kai ƙugiyar sama. A ragar gabas kuwa, ran nan ya lura, hannun ya kai yana tsaye daram a kan dugadugansa.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki.

"Ke, kin san na ƙara tsawo?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "A shekara sittin? Malam, in dai ba furfura ce ta miƙe tsaye ba, ni ban ga inda ka ƙaru ba."

Ya yi dariya, amma abincin ranar bai yi masa daɗi ba. Washegari ya ɗauko tef ɗin awo, ya sa mai gadi ya riƙe masa kan. Doka ta ce daga ƙasa zuwa ƙarfen sama ƙafa takwas ne. Ta yamma ta cika cif. Ta gabas ta gaza da yatsa huɗu.

Bai sha wahalar gano dalili ba. Bakin raga nan ne gola yake yini yana tirje-tirje, nan ƙasa ke cinyewa, kuma a ɓangaren gabas ruwan sama yake kwanciya. Kowace shekara in an rufe kaka sai Baba ya zuba yashi baro biyu ko uku, ya baje, ya dasa ciyawa. Ƙarfen bai sauko ba, ƙasa ce ta hau. Kuma babu hannun da ya zuba yashin nan sai nasa.

Saura wata huɗu ya yi ritaya da sunansa fes. Kulob ɗin, wanda bai taɓa ɗaukar kofin lig ba tun Baba yana da baƙin gashi, yana saman teburi da tazarar maki biyu. Alƙalan wasa suna duba raga ne ko ta ɓule, babu mai zuwa da tef. Mai gadi kuwa bai san ƙafa nawa doka ta ce ba. Da Baba ya naɗe tef ɗinsa ya yi shiru, da yau ana yanka masa rago.

Sai ya hau bene, ofishin Ciyaman, shugaban kulob. Ya tarar da shi tare da Koci, fanka tana juyi a kan kofi ɗaya tilo da kulob ya mallaka, na wata gasar sada zumunta.

"Ranka ya daɗe, ragar gabas ta gaza. Yatsa huɗu. Laifina ne."

Koci ya daki cinya. "Shi ya sa! Ina ta mamakin ƙarfen nan, sai ka ce albashi muke biyan shi. Sau nawa ta leƙo ta koma bana? Ranka ya daɗe, daga yau in kyaftin ya ci zaɓen gefe, can za mu tsare bayan hutun rabin lokaci, sa'ad da baƙi ke neman ramawa."

Ciyaman ya fi shi iya magana. "Baba, zauna mana. Kowa minti arba'in da biyar yake yi a can. Wa aka cuta?"

"Da dai babu. Da mu da su duk a duhu muke. Yanzu mu mun sani, su ba su sani ba."

"Ka bar shi a gama kaka. Ka yi ritayarka lafiya, mu tara jama'a, mu rataya maka lambar yabo."

"Kafin in auna, kuskure ne, ranka ya daɗe. In na bar shi daga yau, sunansa ya canza."

"To ban ba ka izini ba."

"Ai ba izini na zo nema ba. Na zo ne kada ka ji a bakin wani."

Makon da ya biyo aka dakatar da lig na mako biyu, don tawagar ƙasa tana da wasan neman gurbi, kuma Ciyaman ya bi ta da kuɗin jirgin da ba nasa ba. Baba ya ɗauki shebur. Mu tsofaffin da muke zama a bencin inuwa da safe, don gida ya yi mana faɗi, mun gani da idonmu. Ya yanka ciyawar bakin raga gunduwa-gunduwa kamar mai yanka sabulu, ya jera ta a inuwa, ya yayyafa mata ruwa. Ya kwashe yashi baro ashirin da uku, bayansa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya auna, ya ƙara kwasa, ya sake aunawa, sannan ya mayar da kowace gunduwa mazauninta.

A rana ta biyu golan kulob ya zo motsa jiki. Makulli ake ce masa, gajere ne ga aikinsa, kuma ya san haka. Ya tsaya a bakin ramin ya riƙe ƙugu.

"Baba, kabarina kake haƙa?"

"Ragarka nake mayar maka yadda doka ta ce, ɗana. Sai ka ƙara tsalle."

Makulli ya daɗe yana kallon ƙarfen sama. Daga nan ya cire safar hannunsa, ya tura baro biyu zuwa bayan katanga, ya tafi.

Wasan ƙarshe na kaka a gida aka yi. Canjaras kawai kulob yake buƙata. Fili ya cika har kan katanga, an riga an buga riguna masu hoton kofi. Minti tamanin da bakwai babu ci, baƙi suka sami bugun tazara, suna fuskantar gabas. Ɗan wasansu ya murɗa ƙwallo bisa kan 'yan wasan da suka jeru don tare ta. Makulli ya tashi iyakar tashinsa, ta shafi kan yatsunsa, ta goga cikin ƙarfe, ta faɗa raga. Haka aka tashi, kofi ya kuɓuce.

Baba yana zaune kan baronsa a kusurwa. A duk filin nan babu wanda ya kai shi sanin inda ƙwallon nan za ta daka da an buga ta wata ɗaya kafin ranar.

Kafin 'yan wasa su gama wanka labari ya zagaya cewa mai layi ya haƙe raga ya sayar da kofi. Ba a san wanda ya fara faɗa ba, sai dai Koci yana neman mai riƙe masa laifi a yammacin nan, kuma yana nan a kujerarsa har yau. Aka farke wa Baba tayoyin keke. Aka rubuta "maci amana" a jikin ɗakin ajiyarsa, da farar ƙasarsa. Matarsa ta yi mako uku ba ta shiga kasuwar unguwa ba.

Bayan mako shida masu duba filaye suka zo daga waje, da tef da na'urori, suka auna komai, suka amince tawagar ƙasa ta karɓi baƙi a nan. Kada mai karatu ya yi saurin cewa gaskiya ta yi halinta. Da sun tarar da ragar a gajarce, cewa za su yi a gyara cikin mako guda, shi ke nan. Baba bai ceci ƙasa ba, kuma bai san za su zo ba. Ciyaman dai ya shiga rediyo ya yi bayanin jajircewar shugabanci. Baba ya ja layin wannan wasa, na ƙarshe a aikinsa, ya kalle shi daga ƙofar ɗakin ajiya. Muka ci biyu da ɗaya. Takardar sallamarsa layi biyu ce, babu taro, babu lamba.

Kai ne, Baba, ka kama kanka da laifin da babu mai nema. Kai ne ka hau bene da ƙafarka ka kai ƙarar kanka, aka ba ka mafita mai taushi ka ce a'a, a tsaye, ba tare da ɗaga murya ba. Mai igiya da fegi, na karanta tarihin manya da yawa, masu gumaka a mararraba, kuma yawancinsu a kan yatsa huɗu irin wannan suka gina sunansu.

Ranar da ya miƙa makulli, matarsa ta zo tarbarsa a bakin ƙofar filin wasa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta karɓi jakarsa, ta yi tambayar da ta riƙe wata uku.

"Malam, da ka jira wata ɗaya fa? Wata ɗaya tak."

Ina tsaye kusa da su, na ji amsarsa.

"Na so kofin nan fiye da su duka. Shekara talatin da ɗaya ina share masa wuri. Amma kin ga yaron da ya buga ƙwallon nan? Bugu ya yi mai kyau, kuma ta shiga. Shi ma yana da uwa tana sauraron rediyo. Da me zan hana shi? Da yashina?"

Mun gode, Baba Mai Layi. Allah ya ba bayanka lafiya, ya sa ciyawarka ta sami magaji mai tsoron tef. Ku kuma sauran, kowa yana da bakin ragar da ya daɗe yana zuba wa yashi, a shago ko a aji ko a ofis, da kyakkyawar niyya ma. Ku je ku auna naku, ku bar na maƙwabci. In ya gaza, ku faɗa da bakinku da rana tsaka, ku ɗauki shebur. Babu wanda zai tafa muku, wataƙila ma ku koma gida a ƙafa kuna jan keke. Ku ɗauka duk da haka.