Ginin da Ya Hana Uwale Shanya Cuku

Uwale ta fi shekara ashirin tana yin cuku a Dakoro. Wajen uwarta ta koya, a wani ƙauye kusa da Bader Goula, kafin aure ya kawo ta gari. Kowace safiya matan Fulani kan kawo mata madara, ta daskarar da ita, ta baza a kan tabarmar kara, ta shanya a tsakar gida. Cukunta fari ne tas, direbobin Maradi har ƙofar gida suke biyo shi. Mijinta Mamani tsohon tela ne, ciwon fuka ya raba shi da keken ɗinki, sai zama a inuwa yana kore mata kaji.

Bayan damina wani ɗan kasuwar hatsi ya sayi filin da ke jikin katangarta, zai gina gidan sama da ɗakunan ajiya. Uwale ba ta taɓa ganin idonsa ba. Motoci ta gani suna juye yashi da tsakuwa. Sannan aka kafa injin buga bulo dab da katangar, tare da injin wuta mai shan man gazuwal. Tun daga fitowar rana har la'asar gidan yana rawa. In ta yi wa Mamani magana sai ta kai bakinta kunnensa.

Rana ta uku ta ɗauki cuku guda ta ɗanɗana, yashi ya yi mata ƙara a haƙori. Ta rufe shanyar da mayafi, cukun ya ƙi bushewa, ya yi tsami. Ta mayar da ita bayan ɗaki, hayaƙin injin ya bi ta can. Wani direba da ya daɗe yana saye ya juya ɗaya a hannu, ya shinshina, ya ajiye.

"Inna, wanga warin mai yake."

Ta yafa mayafi ta je wurin Harouna, shugaban magina. Ya cire ƙyallen da ya rufe hanci da shi, ya gaishe ta da ladabi.

"Ɗana, ku matsar da injin nan can gaba mana. Ko ku riƙa yayyafa ruwa."

"Wallahi Inna, gaba can tushen gini ne. Ruwa kuwa da amalanke ake kawo muna, ko na kwaɓa siminti bai isa. Mu ma ƙurar muke shaƙa. Sai dai in mai aikin ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Shina Maradi."

Mai unguwa ya saurare ta, ya tura ta wani biro, wato ofishin hukuma, da aka ce su ke duba irin wannan. Sau uku tana zuwa. A na ukun wani ma'aikaci ya rubuta sunanta, kuma bayan mako ya zo a kan babur. Ranar aka kashe injin, aka jiƙa ƙasa har ta yi laka. Uwale ta shanya tabarma huɗu da murna. Washegari injin ya tashi yadda ya saba.

Tarin Mamani ya ƙaru. A asibiti aka ba shi abin shaƙa, likita ya ce a raba shi da ƙura da hayaƙi. Uwale ta dubi likitan. Daga baya ɗiyarsu da ke aure a Birnin Lalle ta zo ta tafi da shi. Da zai hau mota ya riƙe hannun Uwale.

"Ki biyo ni kawai."

"In na biyo ka, wa zai zauna gidan?"

Ta sallami matan Fulanin, ta ce su dakata har a gama. Wata bakwai aka yi ana aiki. Da aka kwashe injin, ginin ya riga ya tsaya ta gabas, hawa biyu, rana ba ta sauka a tsakar gidanta sai kusan azahar. Ta gwada sau biyu, cukun bai bushe kan lokaci ba.

Yanzu ƙuli-ƙuli take sarowa, tana sayarwa a bakin ƙofa. Mamani bai dawo ba tukuna. Ɗiyar ta ce numfashinsa ya fi daidai a can, kuma Uwale ba ta matsa ba.