Kaset Ɗin Kaka da Ya Ƙare a Bakin Rafi

A gidanmu na Kona, da an gama cin tuwon yamma muke kewaye murhu, Kaka tana gasa masara tana ba mu tatsuniya. Hausarta ta kasuwa ce, gauraye da yaren Mumuye, kuma ba ruwanta da bambancin "ya" da "ta".

Ina shekara tara Kawu Bitrus, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Mutum Biyu da rikoda mai cin batir. Ya ɗora ta kan turmi a gaban Kaka, ya danna jan maɓalli.

"Wannan abin, shi ma yana ji?" in ji Kaka.

"Yana ji, Mama. Yi maganarki kawai."

Sai ta fara. Wani maharbi da matarsa suka hau dutse neman tsuntsun da waƙarsa ke warkar da ciwo, don ɗansu na kwance. Tsuntsun ya zuba musu waƙar a gora, ya ce kada a buɗe sai a gida. A bakin rafi ɗayansu ya kasa haƙuri. "Sai ya buɗe," in ji Kaka, "sai ta yi kuka, ya ce ta cuce mu, ta ce..." Nan rikoda ta yi ƙas. Kaset ya ƙare.

Kawu ya mayar da kaset ɗin baya ya kunna. Kaka ta ja kujerarta gefe. "Wace tsohuwa ke kwaikwayona?" Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Na tambaye ta wa ya buɗe gorar, mijin ko matar. Ta ce, "Tambayi na cikin akwatin, tunda ya iya." Ba ta sake ba mu wannan labarin ba har ta rasu.

Yanzu ina da ɗan sutudiyo a Kachalla Sembe, ina ɗaukar waƙoƙin coci ina haɗa kiɗa. Bara Kawu ya ba ni kaset ɗin. Na juye shi a kwamfuta, na rage ƙarar shuu ɗin da ke ƙarƙashi, na ɗaga muryar Kaka, na yi ta saurare da hedifon. Kowace kalma ta fito tar, amma ban gane wa ya buɗe ba.

Yayata Rahila ta ce mijin ne. Kawu ya rantse matar ce. Mahaifiyata kuwa ta ce a wanda aka ba ta tana yarinya, ba a ma buɗe gorar ba, yaron ya warke.

Da can na ɗauka darasin haƙuri ne. Yanzu ban sani ba. Har na yi niyyar yanko "ta" ɗaya daga wani wuri in liƙa a gurbin "ya" na "ya buɗe", labarin ya miƙe. Aikin minti biyu ne. Sai na tuna duk wanda na ɗora wa laifin, jikokin Kaka za su ce ita ta faɗa. Na ɗauke hannuna, na tura wa dangi muryar yadda take.