Kefas da Ya Tsinto Muryar Alu a Gonar Alkama

Kafin direbobin tashar Dutsin-Ma su fara kiran fasinja, Kefas mai gyaran rediyo ya riga ya buɗe shago, ya share gaba, ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan garwashi. Shekara da shekaru, har zuwa bara, ba ya taɓa rediyon kowa sai ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin tebur, ya ɗauki kaset, ya zura biro a raminsa, ya juye zaren daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce zare in ya daɗe kwance cikin zafin ƙasar nan mannewa yake yi. Maƙwabta suka sa masa suna mai kiwon kaset. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don ido ya gaza. Tunda garin nan ba ya gode wa kowa sai mai babbar riga, bari a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Mutumin Zonkwa ne, ya zo nan tun kafin fam ya koma naira. A farkon shekarun tamanin wasu samarin Dutsin-Ma da Kurfi suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka kira ta Ƙarangiya. Badaru ne shugaba kuma mai jita, Alu ɗan Birchi ne mai waƙa. Kiɗan nasu ba na noma ba ne, ba na fada ba: jitar lantarki tana tsalle kamar fara a kasko, kalangu yana bin ta a guje. Wani Bature da ya taɓa koyarwa a nan ya ji su, ya gayyace su Jamus da Holan, inda samari suke haukan irin wannan sabon yayi. Kefas ya bi su don jan waya da ɗaukar lasifika. Ba wanda ya ce ya ɗauki sauti. Shi ya ga dama, duk ɗakin da suka yi wasa ya ajiye rikodarsa a gindin dandamali, ya kama komai, har tafi da fito.

Mai wannan rubutu ba ya cikin masu son wannan kiɗa, kuma bai sake ra'ayi ba. Amma ƙin kiɗa daban, cin amana daban.

Da suka dawo, rabin gari ya fita tarya, har da waɗanda yau suke tofar da yawu in an ambaci sunan ƙungiyar. Shekara ba ta kewayo ba Alu ya rasu a haɗarin mota kan hanyar Kurfi, ƙungiya ta watse. Badaru ya shiga kwangila, ya sauke farali, ya zama Alhaji. Ya zo ya ja wa Kefas kunne, kada ya kwafi kaset-kaset ɗin da ya ɗauka, kada ya kunna wa kowa. Kefas ya ce kayan ƙungiya ne, kuma kai ne shugaba, ya riƙe alkawari. Bara da Alhaji ya fara neman kujerar kansila, sai ya zo da mota ya ɗauke adakar gaba ɗaya, wai zai ajiye ta a ɗaki mai sanyi.

Ana nan sai ga Rekiya, ƙanwar Alu, da saƙon mahaifiyarsu. Inna Fatu 'yar gidan malamai ce, ɗanta yana raye ba ta taɓa sauraron waƙarsa ba. Yanzu ta tsufa, ta makance, ta ce muryarsa ta fara ɓace mata. Ta ji wai akwai wani Kirista a Dutsin-Ma da yake da ita a cikin akwati, tana so ta ji kafin ta cika.

Kefas ya wanke hannu ya tafi gidan Alhaji Badaru, ya same shi a zaure cikin 'yan siyasarsa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Au, waɗannan tarkacen? Ai sun samu aikin yi, Injiniya. Suna can gonata ta bakin dam ɗin Zobe suna gadin alkama."

Kowa ya san abin da masu noman rani suke yi da mataccen kaset. Zare zaren ake yi, a ɗaura a kan sanduna ya ratsa gona, in iska ta buga ya riƙa ƙyalli yana kuka, tsuntsayen janbaki su ji tsoron sauka. Dabara ce, ba laifi ba ce. Amma waɗannan ba matattu ba ne, kuma Alhaji ya sani. Ya ƙara da cewa da can Turawa suke tarawa, yanzu tsuntsu suke kora, ka ga su ma sun tuba. Zaure ya fashe da dariya.

To, Alhaji, ga amsar da ba ka samu a zaure ba. Tuba tsakaninka da Ubangijinka ce, kuma Shi ba kaset Yake buƙata ba kafin Ya san abin da ka yi a Jamus. Ba zunubi ka shanya a gona ba, shaida ka shanya don ƙuri'a. Ka haɗa da muryar abokinka da ba ya nan balle ya ce bai yarda ba. Ku kuma da kuka yi dariya, da yawanku da bakinku kuka rera waƙoƙin nan.

Kefas ya fita daga zauren. Ya hau keke ya nufi Zobe. Wani masunci, Mahmuda, ya gan shi da idonsa, kwana da kwanaki yana tsugune cikin alkama da tsakar rana, yana kwance zare daga sanda, yana naɗe shi a kan kara, kowane tsinke da karansa. Ma'aikatan gona suka ce ga wanda ya zo kalar waƙa, wasu suka ce taɓin hankali ne. Da suka yi ƙorafin tsuntsu zai cinye alkama, washegari ya zo da buhun tsummoki da gwangwanaye, duk inda ya cire zare ya ɗaura madadinsa. Gonar wanda ya cuce shi ce, amma bai bar ta tsirara ba.

Rana ta ƙone mafi yawan zaren, iska ta miƙe saura. Ya goge da auduga, ya yanke ruɓaɓɓen da reza, ya haɗa da salatif, ya zuba a ƙwaryar wani tsohon kaset. Wannan aiki ne ya ƙarasa masa idon. Duk adakar nan, abin da ya tsira bai cika gefe ɗaya ba, guntun Jamus manne da guntun Holan.

Kai ne, Kefas, baƙon da ya fi ɗan gari riƙon amana. Kai ne aka hana, ka hanu. Aka yi wa dariya, ka sunkuya ka ci gaba da tsinta. Inna Fatu ba uwarka ba ce, ba addininku ɗaya ba, ba ta ma san kamanninka ba.

Ranar da ya kai Birchi, ya sami Inna Fatu a kan tabarma, ya gaishe ta, ya kunna kaset ɗin. Jita ta ɓarke. Tsohuwa ta ɓata fuska, ta tambayi Rekiya ko wannan hayaniyar ce ya bar su dominta. Sai kiɗa ya yanke, aka ji tafi, aka ji Alu ya fara magana da Turanci, ya tsaya, ya yi wani busasshen tari, ya ce ƙasa-ƙasa, "Kefas, miƙo mani ruwa."

Tsohuwa ta gyara zama.

"Tsaya. Mayar mani baya."

"Waƙar, Inna?"

"Ba waƙar ba, ɗan nan. Tarin."

Ya mayar. Ta ce ya sake, ya sake, har batir ya fara ja da ƙyar. Rekiya ta ce tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta dai gaya musu tun yaye Alu yake da wannan tari, in ta ba shi jiƙo sai ya faki ido ya zubar bayan rumbu. Sannan ta kaɗa kai ta ce, "Shi ne. Har can bai sha maganin ba."

Kefas ya bar mata kaset ɗin da rikodar, ya dawo da keke fayau.

Mun gode, Kefas. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sanyaya maka idanun da ka ƙarar a kan ɗan wani. Mu kuma da muka iya dariya a zaure, mu koyi tsuguno a gona. Wanda aka ba ajiya ya riƙe ta kamar yadda mutumin nan ya riƙe. Kai kuma manomi, ba wanda ya hana ka korar janbaki, amma kafin ka zare kaset ka ɗaura a sanda, kunna shi tukuna ka ji ko ɗan wata ne a ciki.