Yadda na kwantar da kyanwar Inna a asibiti

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aiki a Ajingi ba, mahaifiyata tana da wata farar kyanwa mai baƙin kunne ɗaya. A shekarar da mahaifinmu ya rasu ta shigo gidanmu na Toranke, ba wanda ya kawo ta, ta zaɓi ɗakin Inna ta tare. Inna na tsintar wake tana ba ta labari, ita kuma tana lumshe ido kamar tana ganewa. Mu 'ya'yan gidan mun san matsayinmu: akwai kyanwa, sannan akwai mu.

Sai ƙazuwa ta kama ta. Gashin kunnuwanta ya zube, ba ta da aiki sai susa. Inna ta yi ta shafa mata man kaɗanya, wani maƙwabcinmu kuma ya ce baƙin mai ne maganin abin. Ni kuwa sabon ma'aikaci, ga biro biyu a aljihun gaba, na ce duk wannan aikin duhun kai ne, asibitin dabbobi na Gaya zan kai ta.

Inna ta ce, "Kyanwa ba akuya ba ce, ba ta son tafiya."

Na ce, "Inna, zamani ya canja."

Ta dube ni ta ce, "To. Yadda ka ɗauke ta, haka za ka dawo min da ita."

Na samo kwalin taliya na huda masa ƙofofin shan iska. Inna ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ta sa ƙaramin kwano da guntun kifi. Na ɗaure kwalin a bayan babur da roba, abokina ya raka ni a nasa babur don ya ce shi bai taɓa ganin an yi wa kyanwa allura ba. Shi ne a gaba, ni a baya, muna ta faɗawa ramuka.

Mun tarar da layi. Ga bijimai, ga raguna, ga wani dattijo da jakinsa mai ɗingishi. Na kafe babur a inuwa na tsaya kusa da kwalina ina hura hanci. Dattijon ya tambaye ni ko kaji ne, na ce kyanwa ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," da irin muryar da ake yi wa wanda shi ne ke bukatar addu'ar. Har wani mai rago na roƙa ya ja dabbarsa gefe, wai kukan zai tashi marar lafiya daga barci.

Da layi ya zo kanmu na kwance kwalin da kaina, na ajiye a kan tebur a hankali. Likitan ya sa safar hannu ya buɗe. Ga zane, ga kwano. Kyanwa kam babu ita, kifin ma babu. A gefen da ke kallon baya akwai rami, ta faɗaɗa ɗaya daga cikin ƙofofin iskar da na yi mata da hannuna.

Likitan ya leƙa ciki sosai, ya ɗago ya ce, "Malam, zanen ne ba shi da lafiya ko kwanon?"

Abokina ya fita waje da gudu, ina jiyo dariyarsa ta taga. Ni ban ga abin dariya ba. Inna na da hawan jini, kuma tun rasuwar Baba kyanwar nan ce take ɗebe mata kewa. Muka dawo a hankali muna leƙa gonaki, ina kiran "mus-mus" a bakin hanya, masu noma suna ɗago kai suna kallona. Har la'asar ba mu ga ko sawunta ba.

Na shiga gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Ta kalli hannuna ta ce, "Ina take?"

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Na ce, "Sun kwantar da ita."

Ta ajiye rariya. "Kwantarwa? Gado suka ba ta?"

"E, gado. Ita kaɗai a ɗakin."

"Ikon Allah. Wa ke jinyarta?"

Na ce akwai ma'aikata. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tankaɗenta, na koma sashena ina yaba wa kaina iya magana.

Da safe ta kira ni ta miƙo min kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Soyayyen kifi ne da 'yar madara a gora. Ta ce ba a barin marar lafiya da abincin asibiti. Haka na ɗauka na fita. Ni da abokina muka sake bin hanya muna mus-mus, da rana ta take muka zauna a gindin wata tsamiya muka cinye kifin. Na dawo na ce mai jiki ta ci sosai, har ta fara zama.

Kwana uku ana haka. Matan maƙwabta suka fara tare ni a zaure. "Sannu, yaya mai jiki? An ce har ruwa aka ƙara mata?" Ni kuma ina amsawa da fuskar jimami, ina ƙara gishiri. Na lura suna rufe baki da mayafi, na ɗauka tausayi ne.

Rana ta huɗu na tarar da Inna ta yi wanka ta ɗaura zanen unguwa. Ta ce yau da ita za a je, bai kamata a ce naka na kwance kwana uku ba ka je dubiya ba. Na ce ba a barin kowa shiga. Ta ce za ta leƙa ta taga. Na ce babur ba mai. Ta ce a nemi mai adaidaita.

Ta ce, "Shiga uwar ɗaki ka ɗauko min mayafina, yana kan gado."

Na ɗaga labule. A kan mayafin, a miƙe, ga marar lafiyata tana lasar ƙafa. Ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai.

Ban san daɗewar da na yi a tsaye ba. Da na fito, Inna na zaune a kan tabarma ta ce, "Sun sallame ta ke nan?"

Na durƙusa a gabanta. Ta ce tun ranar farko, kafin azahar, kyanwar ta shigo da ƙura a jiki, ko garin ba mu gama fita ba ta dire. Duk unguwa an sani sai ni. Sannan ta ce abu ɗaya ne ke damunta, kifin nan na kwana uku wa yake ci?

Na ce, "Inna, tsoro na ji kada jininki ya hau."

Ta daina murmushi. Ta ce, "Ni da aka shigo aka ce min mahaifinka ya cika, na kuma tashi na ɗora muku tukunya, ni za ka ɓoye wa maganar kyanwa?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Washegari na koma Gaya na roƙi likitan, ya biyo ni har gida da jakarsa. Ya yi wa kyanwar allura, ya ba da magani, ya ce mun yi sa'a ba mu shafa baƙin mai ba, don kyanwa lashe jikinta take yi, da ya zame mata guba. Ya kuma ce in za a yi tafiya da ita, kwando mai murfi ake nema. Kafin wata guda gashi ya tsiro.

Yanzu in na tuna, nakan ga cewa ba jinin Inna kaɗai nake karewa ba, har da biro biyun nan na aljihuna. Na raina ƙarfinta, na kira abin tausayi.

Kyanwar ta ƙara shekaru da dama tare da mu. Ranar da ta mutu ni na tsince ta a bayan rumbu da hantsi. Na tsaya jim kaɗan, sannan na wuce kai tsaye na faɗa wa Inna. Ta share ido da bakin zane, ta ce, "Ka gani, ai ban faɗi ba."